Jiki ko Hali: Yadda Za a Zaɓa wa 'Yan Matanmu na Hijaz Labarin Zane

A gidajen Hausawa da yawa na Makka da Jidda da Madina, yarinyar da ta haura shekara 12 tana da wani karatu wanda ba na makaranta ba, tana yin sa a jawwal (wayar hannu) bayan isha'i, wato labaran zane da ake sakawa a intanet kashi-kashi kowane mako. Idan uwa ko yaya ta leƙa allon, tambaya ɗaya take yi, ko akwai tsiraici ko babu. Tambayar tana kan hanya, amma ba ta ƙare aikin ba, domin akwai labarin da jarumarsa take rufe ruf daga wuya har idon sawu alhali ba ta da buri, ba ta da ra'ayi, ba ta yanke shawarar komai, kuma akwai wanda jarumarsa take da hankali da zuciya amma mai zanen ya kasa ɗauke idonsa daga ƙirjinta. Labaran da suka fi yawo a hannun yaranmu iri uku ne: na faɗa da dodanni, na soyayya da rikicin fada, da waɗanda Larabawa suke zanawa da kansu. Kowanne yana bi da mace ta hanyarsa, kuma wanda zai yi zaɓe yana bukatar ya san inda kowanne ya yi ƙarfi da inda ya gaza.

Matsalar tana farawa ne daga yadda ake ƙera labarin. Salon ya taso daga Koriya ta Kudu, inda kamfanin Daum ya buɗe dandalinsa a 2003, Naver ya biyo baya a 2004, sannan a 2014 ya fitar da manhajar Webtoon zuwa sauran duniya. Ba a buɗe shafi kamar a mujalla, sai dai a riƙa jan allo da babban yatsa, zane yana bin zane a dogon layi ɗaya. A takarda idon mai karatu yana da 'yanci, yana iya tsallake abin da bai so ya faɗa kan magana. A allon waya kuwa mai zane ne yake riƙe da idon, kuma idan ya ga dama sai ya fara gabatar da jaruma daga dugaduganta, ya hau cinya, ya tsaya a ƙugu, ya sake tsayawa a ƙirji, sai an ja allo sau da yawa kafin a ga fuskarta ko a ji abin da ta ce. Yarinyar da take karantawa ba ta zaɓi ta kalli 'yar'uwarta mace da idon namiji mai sha'awa ba, amma tsarin zanen bai bar mata wata hanya ba. Ga kuma batun kuɗi. Kashin farko kyauta ne, na gaba sai an jira ko an sayi sulallan manhaja, kuma mai zane yana gasa da dubban labarai ta hanyar ɗan ƙaramin hoton bango guda ɗaya. Wanda ya rasa labari mai jan hankali ya san abin da yake jawo yatsa cikin sauri.

Labaran faɗa da dodanni su ne mafi sauƙin hukunci. An rubuta su ne domin samari, kuma 'yan mata suna shiga cikinsu saboda yayyensu maza suna karantawa. A mafi munin su, jarumi namiji yana sanye da sulke daga kai har ƙafa, ita kuma mayaƙiyar da ke gefensa an bar mata ciki da cinya a buɗe a tsakiyar fagen yaƙi, an kuma murɗe mata baya ta yadda za a ga gabanta da bayanta a zane ɗaya, abin da ƙashin bayan ɗan Adam ba ya iya yi. A 2012 wasu masu zane suka fara wani shiri a intanet mai suna Hawkeye Initiative, inda suke sake zana jarumi namiji a irin tsayuwar da ake yi wa mata, kuma duk wanda ya ga sakamakon dariya take kama shi, domin a nan ne ake gane cewa tsayuwar ba ta faɗa ba ce, ta talla ce. Marubuciyar labaran zane 'yar Amurka Kelly Sue DeConnick ta kawo wani ma'auni da ya fi wannan amfani ga iyaye: a cire macen daga labarin a ajiye kyakkyawar fitila a gurbinta, idan labarin ya ci gaba ba tare da ya yi tuntuɓe ba, to dama ba mutum aka rubuta ba.

Wannan ma'aunin yana kama har labaran da babu tsiraici a cikinsu. Solo Leveling, wanda ya fara fitowa da zane a dandalin KakaoPage na Koriya a 2018 kuma da wuya a sami saurayi a Jidda da bai san shi ba, yana da mace mai suna Cha Hae-in wadda aka ce tana cikin mafarauta mafi ƙarfi a Koriya. Kayanta ba su da abin zargi sosai. Amma a yaƙin tsibirin Jeju, wurin da ya kamata ƙarfin nata ya yi aiki, an kayar da ita ne domin jarumi ya zo ya cece ta, kuma daga nan mafi yawan abin da aka sani game da ita shi ne tana son sa. Irin wannan jaruma tana tuna mini mutum-mutumin da ake sanya wa abaya a ƙofar shagunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, wanda suturarsa ta cika amma babu kowa a ciki. Uwa za ta leƙa ta ga babu laifi, yarinya kuma za ta tashi da darasin cewa ko mace ta kai ƙololuwar sana'arta, matsayinta shi ne ta tsaya gefe tana kallon namiji.

Labaran soyayya da rikicin fada su ne inda zaɓe yake da wuya, domin su ne 'yan matanmu suka fi so, kuma a cikinsu ne ake samun mafi kyau da mafi haɗari a wuri ɗaya. Mata ne suke rubuta da yawa daga cikinsu, mata ne kuma suke karantawa, saboda haka tsiraicin jaruma ba shi ne jarinsu ba. Ɗauki The Remarried Empress, wanda duk Bahaushiyar da ta taɓa karanta littattafan soyayya na Kano za ta gane shi nan take, tunda labarin kishiya ne. Sarauniya Navier tana riƙe da harkokin fada, mijinta sarki Sovieshu ya kawo wata yarinya mai suna Rashta ya fifita ta, daga ƙarshe ya nemi ya saki uwargida, ita kuma a zaman sakin ta amince, ta nemi a ba ta izinin auren wani sarkin a nan take. Navier tana sanye da manyan riguna na alfarma, zanen yana tsayawa a kan idanunta da hannayenta lokacin da take danne ɓacin rai a gaban jama'a, kuma mai karatu yana zaune ne a cikin tunaninta, yana lissafi tare da ita. Wannan shi ne zurfin hali, kuma yarinya za ta iya koyon kamun kai da sanin darajar kai daga gare ta.

Amma labarin ya sayi darajar Navier ne da mutuncin Rashta. Rashta baiwa ce da ta gudu daga ubangidanta, ba ta yi karatu ba, tana tsoron a mayar da ita inda ta fito, kuma an tsara labarin ta yadda mai karatu zai riƙa jin daɗin kowane tuntuɓenta. A Saudiyya, ƙasar da aka soke bauta a 1962, kuma ga yarinya baƙar fata wadda wataƙila ta taɓa jin kalmar da ba ta dace ba a filin makaranta, ba ƙaramin abu ba ne a koya mata ta tafa wa 'yar sarauta ta yi wa baiwa dariya. Ban ce a hana karanta shi ba. Na ce labari ne da ya kamata babba ya karanta tare da yarinya, ya tambaye ta abin da za ta yi da ita ce a matsayin Rashta.

True Beauty, wanda ya fara a 2018 aka kuma mai da shi wasan talabijin a 2020, yana da wata matsalar daban. Jarumarsa Jugyeong yarinya ce da aka tsangwama a makaranta saboda kamanninta, ta koyi kwalliya har ta zama abin kallo, ta kuma rayu cikin fargabar ranar da za a ga fuskarta ba hoda. Kunyarta da tsoronta na gaske ne, kuma duk budurwar da ta taɓa tsayawa gaban madubi tana jin haushin kanta za ta ga kanta a ciki. Sai dai abin da labarin yake faɗa da baki, zanen yana warware shi da hannu: kowane kashi cike yake da siririn ƙugu, dogayen ƙafafu, ƙaramin hanci da fata fara tas. Wannan ma wata hanya ce ta mai da mace jiki, ko da ba a cire mata ko ɗankwali ba. Ga 'yarmu da take girma a Misfala ko Hindawiyya tsakanin ƙawaye masu hasken fata, inda man bilicin yake a kowane kantin kayan kwalliya, ina ganin wannan ya fi buɗaɗɗiyar kafaɗa illa, domin buɗaɗɗiyar kafaɗa tana gani ta san ba tarbiyyarta ba ce, amma farar fatar nan shiga take yi a hankali ta zama ma'aunin da take auna kanta da shi.

Akwai kuma Lore Olympus na Rachel Smythe 'yar New Zealand, wanda ya gudana daga 2018 zuwa 2024 ya kuma ci kyautar Eisner, babbar kyautar labaran zane ta Amurka, sau uku a jere. Shi ne hujjar cewa zurfin hali da fito da surar jiki suna iya haɗuwa a jaruma ɗaya. Jarumarsa Persephone an yi mata fyaɗe, kuma labarin ya bi ta a hankali tun daga lokacin da ta kasa kiran abin da sunansa har ta iya faɗa wa wani ta nemi taimako, abin da labarai kaɗan suka yi da irin wannan natsuwa. Duk da haka shekarunta 19 ne, wanda take so ya girme ta da dubban shekaru kuma shi ne shugabanta a wurin aiki, ana yawan zana ta cikin matsattsun kaya da fuskar ƙaramar yarinya, ga shi duka labarin a kan gumakan Girkawa aka gina shi. Kyautar da ya ci ba ta sa ya dace da 'yar shekara 14 ba. Haka kuma a yi hattara da ɗimbin labaran da jaruminsu basarake ne mai sanyin zuciya, wanda yake kulle jaruma a gida, ya riƙe mata wuyan hannu da ƙarfi, ya kori duk wanda ya yi mata magana, labarin kuma ya kira wannan so. A irin waɗannan sau da yawa ƙirjin namijin ne a buɗe, jarumar tana rufe, amma abin da ake koyarwa game da aure ya fi tsiraicin muni.

Na gwada wannan a gidan ƙanena a Makka, inda 'yarsa mai shekara 15 ta nuna mini labarai biyu da take bi. Da na tsaya a kan na farko sai ta yi saurin cewa, "Gwaggo, ai wannan ba ta da laifi, dubi kayanta duk a rufe suke." Na ce mata na gani, amma ta faɗa mini abin da jarumar take so a rayuwarta. Ta yi shiru, ta ja allo sama ta dawo ƙasa, sannan ta ce, "Tana so yarima ya so ta." Na tambaye ta na biyun, wanda jarumarsa ba ta rufe gashi kuma rigarta ta makaranta ba ta kai yadda za mu so ba, sai bakinta ya buɗe: yarinyar tana son ta karanci likitanci, mahaifinta ya ci bashi, ta yi wa ƙawarta ƙarya kuma abin yana damun ta, tana jin haushin ƙaninta amma ita take dafa masa abinci. Har aka kira sallah ba ta gama ba. Tambayar nan guda ɗaya ta raba mini labaran biyu fiye da duk leƙen da zan yi wa zanen.

Iri na uku shi ne na gida. Tun da aka yi taron Comic Con, wato bikin masoya labaran zane, na farko a Jidda a watan Fabrairun 2017, aka kuma kafa kamfanin Manga Productions a ƙarƙashin gidauniyar Misk a shekarar, harkar zane ta sami gindin zama a Saudiyya. A 2021 kamfanin SRMG, mai jaridar Asharq Al-Awsat, ya ƙaddamar da Manga Arabia, wadda take da mujallar yara da ta matasa, a takarda da kuma a manhaja, tana haɗa labaran Japan da aka fassara da waɗanda 'yan ƙasa suka zana. Amfaninta a bayyane yake: Larabci ne ingantacce wanda zai taimaki yaro a makaranta, an tace zanen, kuma yarinya za ta ga mace da abaya a titi irin wanda ta sani. Inda nake ganin irin waɗannan labarai sukan gaza shi ne tsoron kuskure, domin jarumar da aka zana don ta zama abin koyi sau da yawa ba a barin ta ta yi ƙarya, ta yi hassada, ko ta yi zaɓen da za ta yi nadama, kuma budurwa mai shekara 16 tana gane wa'azi ko an sa masa manyan idanu. Daga Masar akwai Qahera, wadda Deena Mohamed ta fara sakawa a intanet a 2013 tana da shekara 18, jaruma mai hijabi da takobi da take hukunta masu tsokanar mata a titi, take kuma mayar da martani ga Turawan da suke ganin sai sun cece ta daga mayafinta. Tana da kaifi da ban dariya, kuma babu inda zanen ya tsaya a jikinta. Amma gajerun zane ne na muhawara, ba dogon labari ba, saboda haka ba za ta maye gurbin abin da yarinya take jira kowane mako ba.

Wurin da ake karantawa yana da nauyi daidai da abin da ake karantawa. Mafi yawan labaran Koriya da suke yawo da Larabci masu sha'awa ne suka fassara su ba da izini ba, suka zuba a shafukan da suke rayuwa da talla, kuma tallar da take fitowa a gefen labari mai tsabta tana iya zama ta batsa ko ta caca, duk da toshe shafukan batsa da hukuma take yi. Bayan haka, labaran soyayya da yawa suna da siga biyu, ɗaya ta 'yan shekara 15 da ɗaya ta manya zalla, kuma shafukan sata ba su damu da rubuta wacce suka saka ba. Manhajojin asali irin su Webtoon da Tapas suna sa alamar shekaru a kan labari, kuma ko da yake alamar an yi ta ne da ma'aunin wata al'ada, ta fi babu. Farashinsu shi ne sai yarinya ta karanta da Turanci, kuma sulallan suna cin riyal a hankali idan katin banki yana haɗe da wayar.

Idan aka ɗora duka a sikeli, ga yarinyar da ba ta kai shekara 12 ba babu dalilin wuce Manga Arabia ta yara, tunda a wannan shekarun tsabtar ido ta fi komai kuma ba ta fara neman jaruma mai sarƙaƙiya ba. Daga 13 zuwa 16 ne aikin yake, kuma a nan na fi karkata ga zaɓaɓɓun labaran makaranta da na fada daga manhajar asali, bisa sharaɗin babba ya karanta kashi biyar na farko da kansa. A cikin kashi biyar ɗin a duba daga ina zanen yake fara nuna jaruma, daga fuska ko daga ƙasa, a duba ko tana da ƙawa ko uwa ko 'yar'uwa da suke maganar da ba ta namiji ba, a kuma duba ko akwai wani abu da ya faru a labarin saboda ita ta yanke shawara. Labaran faɗa da dodanni ba sai an yi yaƙi a kansu ba idan babu tsiraici, amma kada a ɗauka sun ba ta wata jaruma.

Inda za a fi samun saɓani da ni shi ne idan zaɓe ya rage tsakanin jaruma rufaffiya wadda babu kowa a cikinta da jaruma mai hali wadda gashinta yake buɗe irin na mutanen ƙasarta. Ni ta biyun zan ɗauka. Yarinyar da ta tashi a Makka tana ganin matan duniya duka a harami da kasuwa, ta san kowace al'umma da suturarta, kuma Bakoriya da gashi a buɗe ba za ta rikita ta ba. Abin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne zanen da yake tsayawa a kan gaɓoɓi, ko yake sa iska ta ɗaga siket, ko yake zana 'yar makaranta da surar babbar mace, domin wannan ba bambancin al'ada ba ne, kuma zurfin labari ba ya wanke shi. Budurwar da ta haura 17 kuwa ita za ta yi zaɓenta ko an so ko ba a so ba, kuma abin da ya rage ga gwaggo ko yaya shi ne ta nemi sunan labarin, ta karanta 'yan kashi, ta sami abin da za su yi gardama a kansa idan an haɗu ranar Juma'a.